Tayar Hunturu a Hanyar Damagaram

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban sake shan shayi da daɗi a bakin ƙofar kamfani ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Habu, wai da gaske ka tuƙa mota a kan ƙanƙara?" Kafin in haɗiye burodi wani ya ce, "An ce jandarman Nijar ya ƙirga muku ƙusa?" Har 'yan masaƙar Sharaɗa, waɗanda ba ruwansu da harkar fata, sun fara tare ni a hanya. Na gaji. Ga labarin nan sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne direban a-kori-kurar kamfanin jima na Challawa, wanda in iska ta juyo daga wajensa mutanen ƙauye suke rufe kwanon abinci. Aikina ɗauko fata da ƙirgi. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi. Na yi tuƙin hannun hagu, aka mayar da mu hannun dama shekara huɗu da suka wuce na yi shi, ban taɓa kaɗe ko kaza ba.

Asalin maganar daga Malam Isiyaku ne, akawunmu. Shekararsa goma sha tara a kamfanin, gidansa a Zawaciki, 'ya'yansa takwas. Shi ya koya mini wannan rubutun da kuke karantawa, a ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis, lokacin hutun azahar, saboda haka kada wanda ya zaci raina shi nake yi. Da Baturen da ke yin odar kayan mota ya koma ƙasarsu, Alhaji ya sayi kamfanin, sai littafin tallan kayan Turai ya faɗo hannun Malam Isiyaku. Mu direbobi mun daɗe muna ƙorafin taya tana tsattsagewa da hunturu, kuma da hunturu muka fi zirga-zirgar fata. Malam ya buɗe littafi ya ga an rubuta wata taya ta winta. Shi kuwa tun yana aji uku aka koya masa cewa winta shi ne hunturu. Ya ce alhamdu lillahi, ashe Turawa sun san damuwarmu. Ya yi odar guda arba'in.

Jirgin ruwa ya maƙale a Legas wata bakwai. Tayar hunturu ta sauka a sitonmu na Bompai a tsakiyar bazara, ranar da ko ƙadangare ba ya iya tsallaka titi. Leburori suka kwance takarda, suka ja da baya. Kowace taya cike take da ƙusa, a jere reras, guda ɗari, kawunansu a waje suna ƙyalli.

Alhaji ya zo da kansa. Ya sunkuya ya shafa ɗaya, ƙusa ta karce shi.

"Isiyaku, wannan mene ne?"

"Tayar hunturu ce, ranka ya daɗe."

"Yanzu wane lokaci muke ciki?"

"Bazara. Amma wannan laifin jirgi ne."

"Ƙusar fa? Ita ma jirgin ne ya kafa?"

"Haka Turawa suke yin ta, ranka ya daɗe. Ilimi ne."

Leburori suka fashe da dariya, dariyar kuwa ita ta ɓata komai, don Alhaji ba ya son a yi dariya a inda yake tsaye in ba shi ya ba da labarin ba. Ya tsotsi yatsansa ya ce, "Wallahi tallahi, kowa ya shaida. A sa huɗu a motar Habu, ya je Damagaram ya ɗauko fatar Elhaji Mamman. In ya dawo ya faɗa mini da bakinsa cewa ƙusar nan ta yi wani amfanin da tayar mutane ba ta yi, shi ke nan. In ba haka ba, Isiyaku, ka ajiye mini makullin ofis."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina zaman zamana an ɗauki abincin mutum goma an ɗora a kan harshena. Malam Isiyaku kuwa ko a jikinsa. Ya ce zai bi ni, don kada in cuci tayar da tuƙin jahilci.

Aka sa su a wajen mai facinmu na Sharaɗa. Sau uku hannun mutumin yana tafiya wajen filaya ba da saninsa ba, sau uku Malam yana buge hannun.

Ranar Alhamis bayan asuba muka tashi. Jama'a, ƙara! Kamar ana zazzage tsakuwa a kwanon sha. Muka ratsa gari masu keke suna faɗawa kwata tun ba su waiwayo ba, wata mai ƙosai ta ɗauke kaskonta ta shige zaure. Malam ya kafa gwiwar hannu a taga yana gyaɗa kai, ya ce, "Ka ji? Tana cizon hanya."

Kowane direba ya san halin taya. Da bazara kwalta tana cin ta, sai ka bi ta a hankali, ka riƙa tsayawa tana hucewa. Da damina zane mai zurfi kake so, wanda zai watsar da ruwa. A burji kana son mai taurin gefe saboda dutse. Wannan ba ta cikin ko ɗaya. Da hantsi ya yi, kwalta ta ɗau zafi, sai robar ta yi laushi, in na danna ta da babban yatsa sai ta lotsa. Warinta har cikin mota. Sitiyari kuwa ya zama kamar na motar wani, in na karya dama sai ta yi shawara tukuna.

Gab da Kazaure muka tarar da shingen 'yan sanda. Kun san katakon nan nasu mai ƙusoshi da suke shimfiɗawa a titi. Na hango shi tun daga nesa, na taka birki a inda na saba takawa. Ina! Ƙarfe a kan kwalta ba ya tsayawa. Mota ta yi ta sulalewa tana ƙiii, ina salati, Malam yana cewa "riƙe ta, riƙe ta," har sai da tayar gaba ta hau katakon ta zauna daram. Kofur ya taso a fusace da kulki. Ya sunkuya don ya ga ɓarnar da katakonsa ya yi mana, sai ya tsaya. Ya dubi katako, ya dubi taya. Ya kira sajansa.

Saja ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Wane shingen kuka fara takawa?"

Na ce, "Babu, yallaɓai. Da abarmu muka zo."

Malam ya fito da littafin talla ya fara bayani da Turanci. Saja ya saurara har ƙarshe, ya ce shi abin da ya dame shi ɗaya ne, in kowa ya fara zuwa da ƙusarsa daga gida, su aikin me za su yi? Ya sa aka zare katakon, ƙusa biyu nasu sun lanƙwashe, tamu ba abin da ta yi. Malam ya rubuta wannan a ɗan littafinsa, ya ce amfani na farko ke nan. Na ce masa ba na jin Alhaji ya sayi taya arba'in don taka shingen 'yan sanda.

A Daura muka sha fura. Wani mai yin takalmin taya ya bar rumfarsa ya zo ya zauna kusa da motar, yana ta kallon tayar da ido irin na mahauci. Da za mu tashi ya ce mini a hankali, "In ta mutu, ka tuna da ni. Ba za ta kai sati ba." Na gode Allah Malam bai ji ba.

Muka isa iyaka da rana tsaka. Namu suka buga hatimi suka ce Allah ya kiyaye, ko leƙowa ba su yi ba saboda rana. Muka tsallaka wajen mutanen Nijar, waɗanda har yau muke ce wa mutanen Faransa, sai muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe su a can, daga sha biyu zuwa uku gwamnati barci take yi. Ba wasa nake ba. Ofis a kulle, tuta a sanƙame, jandarma a kan gadon igiya ƙarƙashin bishiyar bedi, hularsa a kan fuska. Mu a Challawa in aka kama ka kana gyangyaɗi da rana sai takardar gargaɗi, su kuwa doka ce ta ce a kwanta. Na ce wa Malam in aka kore shi ya nemi aiki a nan. Bai yi dariya ba, ni ma na yi da-na-sanin faɗa.

Ƙarfe uku daidai jandarma ya tashi, ya wanke fuska, ya zama wani mutum dabam. Dogo ne siriri, Hausarsa ta fi tawa, amma ba ya yarda a kira shi komai sai Mushe. Ya duba takardun mota, ya duba namu, ya zagaya, ya tsaya a kan taya.

"Wannan ƙarfe ne."

"Taya ce, Mushe."

"Taya roba ce. Wannan ƙarfe ne. Kuna shigo da ƙarfe ƙasar Nijar ba takarda."

Malam ya ɗauko littafin talla. Mushe ya ce shi ba ya jin Turancin Ingila, kuma ba ya son ji. Ya ce abu ɗaya ne zai yiwu, a ƙirga ƙarfen, a rubuta, in za mu fita a sake ƙirgawa. Ya kawo alli. Ni ina tura mota taku ɗaya-ɗaya, Malam yana ɗiga alli a kan kowace ƙusa, Mushe yana ƙirgawa da Faransanci. Sau biyu muna sakewa, don wata akuya ta lashe allin tayar baya. Aka samu ɗari uku da tamanin da uku. Goma sha bakwai sun zube tsakanin Kano da iyaka. Malam ya juya yana kallon hanyar da muka fito kamar zai koma ya tsinto su. Mushe ya rubuta a takarda mai kyau, ya buga hatimi uku, ya sara mana.

Bayan Matamaye ana gyaran hanya, aka karkatar da mu cikin rairayi. A nan muka yi faɗa na gaske. Na ce a rage iska, don kowa ya san a rairayi taya tana son ta baje. Malam ya ce littafi bai ce a rage ba. Na ce littafin ya taɓa zuwa Matamaye? Ya ce, "Habu, ni na koya maka baƙi, yau ni kake gaya wa magana?" Na sa giya, na taka. Tayar da aka yi ta don cizo ta ciji rairayi. Ta yi ta haƙa, ta yi ta haƙa, kafin in ɗaga ƙafa mota ta zauna a kan cikinta.

Wani Buzu mai raƙuma biyu ne ya cece mu. Ya ɗaura igiya, na rage iska ba tare da na dubi Malam ba, raƙuma suka ja, muka fita. Da ya gama, sai ya ɗaga ƙafar raƙuminsa ya nuna wa Malam tafin, faffaɗa, mai laushi, sumul. Ya ce, "Ka ga ƙusa a nan?" Malam bai rubuta komai a littafinsa ba.

Da magariba muka shiga Damagaram. Elhaji Mamman, dillalin fatar da aka aiko mu wurinsa, gajere ne mai ƙiba, mai son baƙo har abin ya zama ciwo. Ya sauke mu a soron gidansa, kusa da ɗakin da yake tara fata, saboda haka wari dai kamar muna gida. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, aka kawo kilishi, aka kawo wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, wanda in ka gutsura sai dasashi ya yi jini. Shayinsu kuwa a ɗan kofin gilashi, kurɓi biyu, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha sau uku, in ka tashi a na biyu ka yi rashin kunya. Na tambayi madara, suka dube ni kamar na nemi a zuba mini miya a ciki. In ka ce ka ƙoshi, Elhaji sai ya ɓata rai ya tambaya ko an yi maka laifi ne. Na ci har na kasa sunkuyawa in kwance takalmi.

Da safe aka loda fata. Juma'a ce, Elhaji ya ce ba inda za mu sai mun yi salla mun kwana. Ya haɗa mu da ƙaninsa ya kai mu masallaci tun da wuri, ya ce shi yana da ɗan aiki, zai same mu a can. Muka bar mota a ƙofar gida. Wannan shi ne kuskurena, kuma na yarda nawa ne, don na ga yadda ya riƙa zagaya motar yana girgiza kai tun daren jiya.

Muka dawo daga masallaci muka tarar da taro a ƙofar gida. Mota a kan jak. Wani mai faci yana zaune a kan tabarma, gumi sharkaf, filaya a hannu, gabansa kwanon sha cike da ƙusa. Elhaji Mamman ya taro mu da fara'a, hannu a buɗe.

"Baƙina! Jiya na ga halin da kuka shigo, ban ce komai ba don kada ku ji kunya. Wane irin mugun maƙiyi ne ya yi muku wannan? Baƙon Mamman ba zai koma gida da ƙusa a taya ba. An cire duka!"

Mai faci ya ɗaga kwano yana murmushi. Ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa ganin ikon Allah irin wannan ba, ƙusa kusan ɗari huɗu, ko ɗaya ba ta kai ga iska ba. Ya ce lalle akwai mai yi mana addu'a.

Malam Isiyaku ya zauna a ƙasa. Ba a tabarma ba, a ƙasa, da farar rigarsa ta Juma'a. Da ya samu bakin magana ya ce, "A mayar."

Mai faci ya ce, "A mayar da me?"

"Ƙusar. A mayar da ita inda take."

Mutumin ya ajiye filaya ya ce shi cirewa ya gada, kuma ba zai tashi gaban Allah da alhakin kafa wa Musulmi ƙusa a taya ba, ranar Juma'a ma. Elhaji ya ja ni gefe ya tambaye ni ko abokina yana da lafiya.

Cikin masu kallo akwai wani tsoho mai gadin sito, suna ce masa Kafaran, abin da mu muke cewa kofur. Ya yi soja, an kai shi har Faransa. Ya ɗauki ƙusa ɗaya ya jujjuya, ya yi dariya ba haƙori. Ya ce ya san wannan tayar, ta ƙanƙara ce.

Malam ya ɗago. "Ta hunturu ce. Winta."

"Ɗana, na yi wintar nan biyu a can. Ruwa ne yake daskarewa a kan hanya, wata uku, wata huɗu. Hanya ta zama ƙanƙara tun daga nan har inda ido ya tsaya. Mutum ya taka ya faɗi, mota ta taka ta juya. Shi ne suke sa ƙusa don ta kama. In ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa."

"To, hunturu fa?"

"Hunturunku? Ranar da aka yi irinsa a can, tuɓe riga suke yi su kwanta a ciyawa."

Na ga fuskar Malam a lokacin, kuma ba na fatan in sake ganin irinta. Ba korar ce ta fara zuwa masa ba. Cewa ya yi, a hankali, "Shekara talatin ina gaya wa mutane winta hunturu ne." Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin tsohon, alhali gaskiya ya faɗa.

Amma Malam ba ya daɗewa a ƙasa. Kafin la'asar ya zo ya same ni ido yana ƙyalli. Ya ce, "Habu, tsohon nan ƙanƙara ya ce. Mu ma ai ana yin ƙanƙara. Ruwan farko ba ya zuwa da ita wani lokaci?" Na ce ana yi, sau ɗaya a shekara biyar, na minti biyar, kuma ƙusar tana cikin kwano. Ya ce wannan ƙaramar magana ce. Tun daga nan ya kama carbi.

Asabar da sassafe muka juyo, kwano a kan cinyar Malam. Mota ta yi shiru, har na riƙa jin kewar ƙarar. A iyaka muka tarar da Mushe a farke. Ya fito da takardarsa, ya dubi taya, ya dube mu. Malam ya miƙa masa kwano. Ko gezau bai yi ba, ya shimfiɗa hankici a kan tebur ya ƙirga. Ɗari uku da casa'in da ɗaya. Ashe kwanon mai faci da 'yan tsofaffin ƙusoshi a ciki tun da. Mushe ya ce mun shigo da ɗari uku da tamanin da uku, saboda haka takwas ɗin nan ƙarfen Nijar ne, ba za su fita ba. Ya zaɓi takwas ya zuba a aljihun tebur, ya buga hatimi, ya sara mana.

Zafin ranar nan ya fi na zuwa. Ga lodin fata, ga kwalta kamar wuta. Kowane mil ashirin sai na tsaya na zuba wa taya ruwa, tana huci. Zanen ya cinye, ta yi sumul, ramukan ƙusa sun buɗe baki. A Daura ban tsaya ba, don kada mai takalmi ya gan mu.

Mun wuce Kazaure, wajen la'asar, sai gabas ta haɗe. Iska ta taso mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Malam ya ƙara saurin carbi. Na ce, "Malam, ruwa ne kawai." Ban rufe baki ba na ji ƙwas a kan rufin mota. Sai ƙwas, ƙwas. Sai kamar an juye tifar tsakuwa a kanmu. Wallahi, na rantse da wanda raina yake hannunsa, ƙanƙara ce, manya kamar goriba ƙanana kamar gurjiya, kafin ka ce me titi ya yi fari fat. Manyan motoci duk suka gangara gefe suka tsaya. Ni ma na kai hannu zan gangara.

Malam ya damƙe mini hannu. "Taka, Habu! Don girman Allah taka! Ranarta ce!"

Ban san abin da ya shiga kaina ba, na taka. Ya zura kai ta taga, ƙanƙara tana dukan ƙeyarsa, hularsa ta tafi, yana ihu yana gaya wa direbobin da suka tsaya, "Winta! Winta!" Ni kuwa a ciki ni kaɗai na san abin da nake gani. Motar ba tafiya take ba, sulu take yi. Gindinta ya zo ya wuce ta dama, na karya, ya koma ta hagu. Na murza sitiyari ya juya a hannuna kamar faifai. Sau ɗaya na ga Kazaure ta gilashin gaba, alhali Kano muka nufa. Na yi kalmar shahada sau uku. Allah ne kaɗai ya miƙar da mu, ba ni ba, ba taya ba. Minti biyar aka ɗauke, rana ta fito, ƙanƙara ta narke kamar ba a yi ba. Malam ya dawo da kansa ciki, goshi duk ƙulu, yana dariya yana hawaye.

Muka shiga Challawa daidai jiniyar canjin aiki, masu fita da masu shiga duk suna bakin ƙofa. Alhaji yana tsaye a barandar ofis. Ban jira ya tambaya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, tayar nan ta ƙanƙara ce, wani tsohon soja ya tabbatar mana. Kuma wallahi ƙanƙara ta same mu bayan Kazaure, duk motocin da ke hanya suka tsaya, mu kaɗai muka wuce." Duk abin da na faɗa gaskiya ne, na auna kowace kalma tun daga Dambatta. Jama'a suka ɗau sowa. Na ga Alhaji ya saki fuska, don shi ma na san ba son korar yake ba, rantsuwa ce ta riƙe shi.

Sai ya sauko, ya zagaya motar, ya tsaya.

"Habu, lokacin da kuka wuce ɗin, ƙusar tana jiki?"

Na dubi ƙasa. Kalma ɗaya ce, ƙarama, in ce masa e, kuma ba wanda zai taɓa ƙaryata ni. Alhaji ya ce, "Ka ce wallahi." Na kasa rantse masa a kan ƙarya. Na tsani kaina a wannan lokacin, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Malam Isiyaku ne ya fito daga mota da kwano a hannu. Ya ajiye shi a gaban Alhaji, ya zaro makullin ofis daga aljihu ya ɗora a kai. Ya ce, "Kada ka sa shi rantsuwa, ranka ya daɗe. Babu ko ɗaya a jiki. Kuma winta ba hunturu ba ne, ni na yi kuskure." Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya dubi makullin, ya sunkuya ya ɗauka.

Ban nemi izinin kowa ba, ko fatar ban sauke ba, na buɗe masa ƙofa na ce ya shiga in kai shi gida. Muka kama hanya har Zawaciki. Na tsaya a ƙofar gidansa, ana jin muryar 'ya'yansa a ciki. Ya sauka, ba hula, ya tsaya yana kallon tayar gaba. Ya sa hannu ya shafa ta, sannan ya leƙo ta taga.

"Amma Habu, tsakaninka da ni. Minti biyar ɗin nan, ko ba ƙusa, ka ji yadda ta riƙe hanya?"

Na ce, "Na ji, Malam. Ta riƙe."